Bangon da Ya Fi Ciki Daraja: Tarihin Mujallar Cocin Ƙauye a Ingila

A ƙauyukan Ingila da dama, har gobe, idan wata ya zo ƙarshe za ka ga wata dattijuwa ko wani tsohon ma'aikaci da jaka a rataye suna bi gida-gida, suna zura wata 'yar mujalla ta kafar wasiƙun da ke jikin ƙofa. Ba ta da kauri. A cikinta akwai wasiƙar limamin coci, da lokutan sujada, da sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, da waɗanda aka ɗaura wa aure, da waɗanda aka binne. Akwai ranar taron ƙungiyar mata, da sakamakon gasar kayan lambu, da tallar mai gyaran famfo. Galibi ba wanda ke karɓar albashi a kanta, ba kuma za ka same ta wurin masu sayar da jarida a birni ba. Duk da haka wannan al'ada ta haura shekara 160, ta kuma ga bayan jaridu da yawa da suka fi ta kuɗi da suna.

Tun ƙarnoni masu nisa aka yanka Ingila gunduma-gunduma, kowace da cocinta da limaminta, kuma har yau Cocin Ingila na da irin waɗannan gundumomi fiye da 12,000. A karkara sau da yawa gundumar ita ce ƙauyen. A da can aikinta ya wuce ibada, don ita ke kula da matalauta da gyaran hanya. A 1538 Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowane limami ya riƙa rubuta duk baftisma da aure da jana'izar da ya yi, a ajiye littafin cikin akwati mai makulli biyu. Ke nan an daɗe ana rubuta sunan talakan Ingila, sai dai a kulle yake, shi kansa mai sunan ba ya ganinsa. Fiye da shekara 300 aka yi a haka kafin sunayen su fito daga akwati su shiga gidajen masu su.

Abin da ya fito da su kuwa tsoro ne. Ranar Lahadi 30 ga Maris 1851 gwamnati ta sa aka ƙirga duk wanda ya halarci wurin ibada a Ingila da Wales. Da Horace Mann, wanda aka ɗora wa aikin, ya fitar da rahoton a 1854, sai hankalin shugabannin coci ya tashi. A lissafinsa, mutum fiye da miliyan 5 da ke da ikon zuwa ibada a ranar ba su je ko'ina ba, a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 18 ba. Waɗanda suka je ɗin ma, kusan rabinsu ba cocin gwamnati suka nufa ba, sun tafi wurin Metodis da Baftis da sauran ɗarikun da suka ɓalle. Ana cikin wannan kuma sai majalisar dokoki ta shiga soke harajin da ya daɗe yana tsauwala wa jarida kuɗi: na talla a 1853, na hatimin da ake buga wa kowace jarida a 1855, na takarda a 1861. Jarida ta sauko kwabo ɗaya. Jirgin ƙasa ya fara kai wa ƙauyuka jaridun Lahadi irin su Reynolds's Newspaper da News of the World, cike da labarin kisan kai da shari'o'in kotu da sukar masu mulki. Limamai suka ga cewa mutumin da suka koya wa karatu a makarantar Lahadi domin ya karanta Littafi Mai Tsarki, ga shi yanzu yana kashe ranar Lahadin da wani abu dabam a hannu.

Wanda ake danganta wa maganin wannan damuwa shi ne Rabaran John Erskine Clarke. An haife shi a Kalkata ta ƙasar Indiya a 1827, ya zama limamin cocin St Michael a garin Derby, kuma a watan Janairun 1859 ya fitar da fitowa ta farko ta abin da ya raɗa wa suna Parish Magazine. Akwai masu cewa an riga shi, kuma suna da hujja: Rabaran W. J. E. Bennett, wanda rikici kan salon ibadarsa ya raba shi da cocinsa na Pimlico a Landan, ya fara buga The Old Church Porch a garin Frome tun 1854. Amma ta Bennett mujallar koyarwa ce, ta mutum ɗaya mai kare aƙidarsa. Abin da Clarke ya ƙirƙiro dabara ce ta kasuwanci, kuma ita ce ta yaɗu.

Ya lura cewa limamin ƙaramin ƙauye ba shi da kuɗin buga mujalla mai hotuna, ba shi da lokacin rubuta ta duk wata. Don haka sai a buga cikin mujallar a wuri ɗaya, dubbai a lokaci guda, yadda kuɗin kowace zai sauko ƙasa. A ɗaure su dami-dami, jirgin ƙasa ya kai wa duk gundumar da ta yi oda. Can kuma limami ya rubuta labarin gida, ya kai wa mai maɗaba'ar garin kasuwa mafi kusa ya buga a takarda ɗaya ko biyu, da sunan ƙauyen da zanen cocinsa a gaba, a naɗe cikin da ita ta zama bango, a ɗinke. Kamar rigar da aka ɗinko a birni aka bar wa mai aikin gida ya yi mata aikin wuya. Mai saye ya biya kwabo, ya ɗauka yana ganin mujallar ƙauyensu ce, alhali kashi mafi yawa na shafukanta iri ɗaya ne da waɗanda ake karantawa a wasu ɗaruruwan ƙauyuka.

Clarke ya riƙe aikin editan har 1895, ko da yake tun 1872 ya koma Battersea a Landan. Mutum ne mai hannu da yawa: shi ya kafa mujallar yara ta Chatterbox a 1866, shi kuma ya assasa asibitin Bolingbroke. Kafin ya ajiye aikin, kasuwar da ya buɗe ta cika da masu gasa. Rabaran Charles Bullock ya fito da Home Words a 1871, ƙungiyar SPCK ta kawo The Dawn of Day a 1878, Frederick Sherlock ya soma The Church Monthly a 1888, kamfanin Mowbray kuma ya ƙaddamar da The Sign a 1905. Zaɓen wacce za a saka a ciki ba ƙaramar magana ba ce, don kowace da ɓangaren da take yi wa aiki a cikin cocin. Home Words ta masu fifita wa'azi da sauƙin ibada ce, The Sign kuwa ta masu kusantar al'adun Katolika. Sabon limami kan zo ya sauya wadda ya tarar, jama'a su gane inda ya dosa tun bai hau mumbari sau uku ba. A Sukotland ma an bi sawu: Life and Work, wadda Archibald Charteris ya kafa a 1879, gundumomi sun riƙa haɗa ta da nasu shafukan.

Me ke cikin cikin? Labari mai ci gaba wata-wata, wanda galibi mashayi ke tuba a ƙarshensa ko 'yar aikin gida mai gaskiya ta sami sakamako. Gajeren wa'azi, zane-zane, tambayoyin Littafi Mai Tsarki ga yara, shawarar noman lambu, yadda za a yi girki da kuɗi kaɗan, daga baya kuma tallar sabulu da koko da magungunan da ake cewa suna warkar da komai. Masu ilimi na birni ne ke rubutawa domin mutanen da ba su taɓa kwana a ɗakinsu ba, kuma hakan a bayyane yake ga duk wanda ya karanta. Wannan shi ne abin da masu shirin suka ɗauka muhimmi. Bangon, a wurinsu, ƙugiya ce kawai.

Bangon ne kuwa yau masana tarihi ke nema ruwa a jallo. A nan ne za ka ga wanda ya ba da sule biyu don gyaran rufin coci da wanda ya ba da sisi. A nan aka rubuta yaran da suka sami kyautar rashin fashin makaranta, musamman bayan dokar ilimi ta 1870 da tilasta zuwa makaranta a 1880, da abin da sufeton gwamnati ya ce bayan ya jarraba su. A nan akwai lissafin asusun kwal da na tufafi, inda matar lebura ke zuba kwabo-kwabo duk mako, masu hali su ƙara wani abu a kai, a raba kwal da barguna idan hunturu ya kama. Akwai labarin bikin godiyar girbi, al'adar da ake danganta farfaɗo da ita ga Rabaran Robert Hawker na Morwenstow a 1843, da tarukan ƙungiyar iyaye mata da Mary Sumner ta fara a ƙauyen Old Alresford a 1876. Akwai ranar da aka rufe makaranta saboda ƙyanda ko maƙarau, sannan a wata mai zuwa ka ga jerin jana'iza, da shekarun kowa a gefen sunansa: wata bakwai, shekara biyu, shekara huɗu. Ba jaridar Landan da za ta ɓata tawada kan waɗannan yara. Mujallar ƙauyensu ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya, kuma a gare ni wannan kaɗai ya isa a girmama ta.

Sai dai girmamawa ba ta hana faɗin gaskiya. Muryar da ke bangon ta limami ce, shi kuwa limamin ƙauye a wancan zamani abokin cin abincin mai gonakin yankin ne, wani lokaci ma ɗan'uwansa. Jerin masu ba da gudummawa yakan fara da mai babban gida, ya gangaro kan manyan manoma da 'yan kasuwa, ya ƙare da talakawa, kowa ya ga matsayinsa a rubuce. Matan da ke raba mujallar, waɗanda aka rarraba wa unguwanni su riƙa ziyarta, galibi matan masu hali ne da 'ya'yansu. Suna miƙa mujalla suna karɓar kwabo, idonsu kuma na kan tsabtar ɗaki da ko maigida ya sha giya, abin da suka gani kuwa yana iya shafar wanda zai sami bargo. Lokacin da Joseph Arch, lebura kuma mai wa'azin Metodis, ya tara ma'aikatan gona a Wellesbourne a 1872 suka kafa ƙungiyar ƙwadago, lebura a yankin na karɓar wajen sule 12 a mako. Limaman karkara da yawa sun tsaya ne a bayan masu gona. Wanda ke neman abin da leburan ke faɗa a tsakaninsu ba a wannan takarda zai same shi ba. Za a ga sunansa, ba za a ji bakinsa ba. 'Yan Metodis na ƙauyen kuwa, waɗanda a wasu wurare su ne rabin jama'a, sai ka karanta shekara guda cur kamar ba su nan.

Dokar ƙananan hukumomi ta 1894 ta rage wannan iko. Ta raba harkokin mulkin ƙauye da na coci, ta ba kowane ƙauye mai mutum 300 ko fiye majalisar da jama'a ke zaɓa. Amma sabuwar majalisar ba ta da jarida, don haka labarin zamanta a mujallar coci ya riƙa fitowa. Tun daga nan takardar ta fara zama ta ƙauye gaba ɗaya, ko da masu ita ba su yi niyya ba.

Akwai inda wannan tarihi ya taɓo mu. A cikin abubuwan da bangon ke lissafawa duk shekara har da abin da aka samu a akwatunan baiko na ƙungiyoyin mishan, musamman CMS da aka kafa a 1799. Daga irin waɗannan kwabbai ne ƙungiyar ke samun wani kaso na kuɗin da take tura mutane da shi, ciki har da ayarin Bishop Herbert Tugwell da Dokta Walter Miller da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, kafin Miller ya zauna a Zariya. Hoton Afirka da cikin mujallun ke nuna wa manomin Ingila hoto ne na duhu da jiran ceto, wanda aka zana domin hannu ya shiga aljihu, kuma tsararraki sun tashi ba su san wani hoton ba. A gefe guda, a ƙarshen shekarar 1859 ɗin da Clarke ya fara tasa, wani ɗan CMS, Henry Townsend, ya fara buga Iwe Irohin da Yarabanci a Abeokuta, jarida ta farko a ƙasar da ta zama Nijeriya, ana sayar da ita wuri 120. Labarin coci da zirga-zirgar limamai da farashin kaya a kasuwa ne suka cika ta. Tunani ɗaya ne ya haifi takardun biyu: wanda ka koya wa karatu, kai za ka ba shi abin karantawa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da bangon abin da ake jira da bugun zuciya. Daga 1914 limamai suka fara buga sunayen samarin da suka shiga soja, da rundunar kowa, da guntayen wasiƙun da suke aikowa gida. Ana buga adadin safa da matan ƙauye suka saƙa, da ƙwan da yara suka tara wa asibitocin sojoji. Sannu a hankali jerin ya rabu biyu, na masu rai da na waɗanda suka faɗi. A ranar 1 ga Yulin 1916 kaɗai, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, sojan Birtaniya 19,240 suka mutu. Gwamnati kuma ta yanke cewa ba za a dawo da gawa gida ba, a can za a binne kowa. Uwar da ba ta da kabarin da za ta ziyarta, abin da ya rage mata a hannu shi ne 'yan layukan da limami ya rubuta: cewa ɗanta ya yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, ya yi aiki a gonar wane, ya rasu yana da shekara 19. Bayan yaƙi, a shafukan nan aka yi ta muhawarar irin dutsen tunawa da za a kafa da wurin da za a sa shi, aka kuma buga sunan duk wanda ya ba da kuɗi. Yau idan 'yan ƙauye suka tashi gano su wane ne mutanen da sunayensu ke jikin dutsen, tsofaffin mujallun nan suna cikin abin da suke fara nema.

Yaƙi na biyu ya zo da ƙarancin takarda. Mujallu suka rame, haruffa suka ƙanƙance, labari ya koma na yaran birni da aka kwaso zuwa karkara a Satumban 1939 da na sauya lokacin sujada saboda dokar kashe fitilu. Gangamin tara tsofaffin takardu domin a sake sarrafa su ya kuma cinye tarin abubuwan da aka daɗe ana ajiya a gidaje da ɗakunan coci.

Bayan yaƙin ne al'amarin ya juye. Kuɗin ɗab'i ya yi ta hawa, sai coci-coci suka koma wa injin gurza takarda, irin wanda David Gestetner, ɗan asalin Hangari da ya zauna a Landan, ya fara ƙerawa tun 1881. Duk wanda ya yi makaranta ko aikin ofis a ƙasarmu kafin zuwan fotokwafi ya san shi: a buga rubutu da tafireta a kan sitensil, a ɗaura a gangar injin, a zuba tawada, a yi ta juya hannu. Da wannan inji a ɗakin ajiyar coci, mutum biyu ko uku sun isa su fitar da mujallar wata. Labarin gida ya daina zama takarda biyu, ya zama shafi goma, ya zama ashirin. Rediyo da talabijin kuma suka ƙwace aikin nishaɗin da cikin ke yi, ba mai jiran wata guda don ya ji ci gaban labarin mashayin da zai tuba. Gundumomi suka shiga daina odar cikin ɗaya bayan ɗaya. Abin da Clarke ya ɗauka ƙugiya shi ya zama mujallar, abin da ya ɗauka mujallar kuma ya zama 'yan shafukan da ake iya yi ba su. Da kwamfuta ta shigo gidaje daga tsakiyar shekarun 1980, sai aikin editan ma ya bar hannun limami kusan ko'ina.

Dole ma ya bari, don limamin ya yi ƙaranci. Inda a da kowane ƙauye ke da nasa, yanzu mutum ɗaya, mace ko namiji tun da aka fara naɗa mata a 1994, kan riƙe coci biyar ko shida ko fiye. Mujallu suka haɗe kamar yadda gundumomin suka haɗe. Da yawa sun sauya suna zuwa na kwarin ko kogin da ƙauyukan ke gefensa, ana raba su kyauta ga kowane gida, kuɗin talla na biyan maɗaba'a. A ƙauyen da tashar jirgi ta rufe, kanti ya rufe, gidan waya ya rufe, ƙaramar jaridar yankin ma ta daina fitowa, wannan takarda ce kaɗai ke shiga kowane gida da labarin cewa za a sauya lokacin bas ko wani kamfani na neman izinin gina gidaje a bayan gari.

Abin da ke damuna shi ne yadda sunayen ke raguwa. Tun da dokokin kare bayanan mutane suka ƙara tsauri a 2018, editoci sun ƙara taka-tsantsan wajen buga sunan yaro ko hotonsa ko adireshin wani, kuma suna da dalili. Labarin yau da kullum ya koma zaurukan Facebook da WhatsApp na ƙauye, inda yake isa da sauri amma ba mai ajiye shi. Sai kullen korona na Maris 2020 ya zo, aka rufe coci-coci, aka dakatar da bi gida-gida. Mujallu da yawa suka koma intanet, wasu ba su dawo takarda ba, wasu ba su dawo ba sam. Mai binciken da zai zo nan da shekara ɗari yana iya samun ƙauyen 1890 a rubuce fiye da na 2025.

Na 1890 ɗin ma sa'a ce ta tsirar da shi. Dokar coci ta 1978 ta tanadi kai tsofaffin littattafan rajista gidajen adana takardun tarihi, amma yawancin mujallun da suka rage ta hannun mutane suka rage: wata tsohuwa da ta tara su a ƙarƙashin gado, wani limami da ya sa aka ɗaure masa na kowace shekara. Wani lokaci ma mai ɗaurin yakan cire bangon ya zubar, ya adana cikin, don shi ne mai hotuna. Sai a 2015 Jane Platt ta fitar da littafi sukutum kan tarihin waɗannan mujallu daga 1859 zuwa 1929, kuma ƙungiyoyin tarihi na ƙauyuka sun duƙufa suna ɗaukar hoton abin da suka samu shafi-shafi suna jera sunayen da ke ciki.

Mujallun da ke mutuwa a yau ba rashin masu karatu ke kashe su ba, rashin mai ɗaukar aikin ne. Edita ya tsufa ko ya ƙaura, a yi wata da watanni ana buga sanarwar neman wanda zai gaje shi da masu rabawa a unguwanni. Inda aka rasa, sai a buga fitowar ƙarshe. Inda aka samu, galibi wani ne da ya yi ritaya ya dawo ƙauyen da zama, ya iya kwamfuta, kuma sau da yawa ba ma mai zuwa coci ba ne.